Kuɗin Sola a Gida: Lissafi Kafin Saye, Rubutu Kafin Biya

 



An nemi in yi bayani a kan kuɗin haɗa sola mai batir a gida, da hanyoyin biyan wannan kuɗi. Tun da farko ina so in faɗi inda na dosa, domin mai saurare ya riƙa auna maganata da shi. Kuɗin da mai haɗa sola ya rubuta maka a takarda ranar farko ɓangare ne kawai na abin da za ka kashe. Cikakken kuɗin sai an tara shekarun da kayan za su yi suna aiki, da sau nawa za a sake batir, da abin da za a ƙara maka idan biyan kaɗan-kaɗan ka zaɓa. Wanda ya yi wannan lissafi kafin ya miƙa kafin alƙalami, ya kuma sa aka rubuta sharuɗɗa, zai ji daɗin kayansa. Wanda ya tafi da baki kawai, sau da yawa yakan biya sau biyu.

Yadda muka iso nan

Shekaru kaɗan da suka wuce, sola a unguwanninmu kayan masu hali ne da asibitoci da 'yan fitilun titi. Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka mayar da ita zancen kowane gida.

Na farko man fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Janaretan da yake rufa wa gida asiri da daddare ya zama shi ne yake cinye albashi.

Na biyu kuɗin wutar gwamnati. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka daidaita shi a 209.50. Sauran rukunoni, daga B mai awa 16 har zuwa E mai awa 4, sun fi sauƙin farashi, sai dai kowa ya san yawan awannin da suke ganin wutar.

Na uku rashin tabbas. Maiduguri ta yi dogon zama cikin duhu tun daga Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka rusa turakun babban layin da ya taso daga Damaturu. A watan Oktoban 2024 kuma, bayan lalata layin Shiroro zuwa Mando da katsewar layin Ugwuaji zuwa Apir, yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda babu wuta. Masu sayar da ƙanƙara da masu niƙa da teloli ba za su manta da waɗannan kwanaki ba.

Na huɗu kuwa albishir ne. A kasuwar duniya farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Batirin litiyam da yake haura dala 1,000 a kowane yunit na ajiya a 2010, ƙididdigar BloombergNEF ta nuna ya sauko zuwa dala 115 a 2024. Abin da ya hana mu cin moriyar wannan sauƙi sosai shi ne faɗuwar naira: dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan sola daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin.

Allah kuma ya hore mana rana. A Kano da Katsina da Sakkwato da Borno, ƙarfin ranar da ake samu a yini ya kai na awa biyar zuwa shida na rana tsaka. An buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, akwai kuma ta megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023. Batun ko sola tana aiki a ƙasarmu an riga an wuce shi. Abin da ya rage shi ne nawa, kuma ta yaya za a biya.

A fara da lissafin wutar gida

Tambayar da aka fi yi wa masu haɗa sola ita ce, "Nawa ne 5kVA?" Wannan lamba girman inbata kawai take nunawa, wato yawan kayan da za a iya kunnawa a lokaci guda. Ba ta faɗin awa nawa wutar za ta kai da daddare. Mutum biyu za su iya samun inbata iri ɗaya, ɗaya fankarsa ta kai asuba, ɗaya ta mutu ƙarfe ɗaya na dare, saboda batirinsu da farantansu sun bambanta.

Ma'aunin da ya kamata mu riƙe shi ne yunit, wanda duk mai mitar kati ya san shi. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Mu ɗauki gida mai matsakaicin iyali. Ƙwan fitila 10 masu wat 10, awa 6, sun ci wat-awa 600. Fanka 4 masu wat 60, awa 10, sun ci 2,400. Talabijin da dikoda, wat 100 na awa 5, sun ci 500. Firji a ba shi 1,500 a yini. Cajin wayoyi da kwamfuta 300. Jimilla 5,300, wato yunit 5.3 a rana.

Wuta tana zurarewa a cikin wayoyi da inbata da caji, saboda haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, a nemi kusan yunit 7 daga farantai. Idan aka raba da awa 5 na rana, ana buƙatar wat 1,400. Faranti uku masu wat 550 sun isa a takarda. Ni shawarata a sa huɗu, saboda dalilai uku. Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a zafin digiri 25, kuma faranti yana rage ƙarfi idan ya ɗau zafi, ga shi a bazara rufin kwano yana ƙuna. Hazo da ƙurar hunturu suna tare haske. Marka kuma takan kwana biyu rana ba ta fito ba.

Daga cikin yunit 5.3 ɗin nan, kusan 4 da daddare ake cin su, kuma su ne batir zai ɗauka. Batir shi ne rumbun gidan: abin da farantai suka noma da rana, a cikinsa ake zubawa a ci da daddare, kuma komai yawan amfanin gona, girman rumbu ne yake yanke abin da za a ajiye.

Ku lura da abu biyu a wannan lissafi. Fanka ita ce ta fi cin wuta. Idan aka canza fankokin da masu cin wat 25, an rage yunit 1.4 a kullum, kuma kuɗin sababbin fankoki bai kai kuɗin ƙarin batirin da zai ɗauki tsofaffin ba. Na biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana jan kusan wat 900. Idan ta kwana tana aiki, ita kaɗai za ta iya cin abin da gidan duka yake ci a yini. Haka dutsen guga da hita da injin tura ruwa. Wanda yake son su ya faɗa tun farko a sa su a lissafi, ko ya tsara amfani da su da rana tsaka lokacin da farantai suke kan ganiyarsu.

Inda kuɗin yake tafiya

Farashin kayan sola yana bin dala, yana iya canzawa tsakanin Juma'a da Juma'a. Don haka zan yi amfani da lambobi na misali, kowa ya cire su ya sa farashin da ya tarar a kasuwa. Tsarin lissafin shi ne abin riƙewa.

A ce haɗin gidan da muka lissafa ya tashi naira miliyan 4. Batirin litiyam miliyan 1.7, inbata 800,000, farantai huɗu 600,000, wayoyi da ƙarafan ɗaura farantai da makatsan wuta da kariyar tsawa 500,000, kuɗin aiki da sufuri 400,000. Batir shi kaɗai ya ɗauki fiye da kashi 40 cikin ɗari, kuma shi ne yake riga sauran mutuwa. Faranti mai kyau ana ba shi garantin aiki na shekara 25. Inbata mai kyau takan yi shekaru masu dama idan ta samu iska kuma ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Don haka duk wanda zai yi ciniki da hankali, a kan batir zai fi tsayawa.

Batir iri biyu ne a kasuwarmu. Akwai tubula, mai dalma da ruwa. Mai bolt 12 da amfiya-awa 220 yana ɗauke da yunit 2.6, amma rabi kawai ake so a ci, domin idan ana ƙarar da shi kullum ba zai daɗe ba. Yana buƙatar a riƙa ƙara masa ruwan batir, kuma zafi maƙiyinsa ne: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin kwanansa. Wanda ya kulle batiransa a ɗan ƙaramin sito marar taga a watan Afrilu, da hannunsa yake rage musu kwana. Akwai kuma litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4. Mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da yunit 5.12, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari ko fiye, ba ya son ruwa, kuma masu ƙera shi suna ba shi zagayen caji dubu uku zuwa dubu shida.

Mu koma misali. A ce tubula huɗu sun tashi miliyan 1.2, litiyam ɗaya miliyan 1.7. Ranar saye mai tubula ya tsira da naira 500,000. Idan tubulan suna yin shekara 3, litiyam ɗin kuma ya yi 9, mai tubula zai saya sau uku, ya kashe miliyan 3.6 ko da farashi bai motsa ba. Ban ce kowa sai ya sayi litiyam ba. Wanda ƙarfinsa tubula ne ya saya, ya kula da shi, amma ya sani cewa daga ranar ya kamata ya fara tara kuɗin na gaba.

Kuɗin wayoyi da kariya shi ne wanda aka fi zaftarewa idan ciniki ya yi tsanani, kuma nan ne haɗari yake. Siririyar waya, ko wadda aka yi wa fentin tagulla alhali cikinta alminiyam ne, tana ɗaukar zafi har ta kama da wuta. Rashin makatsar wuta tsakanin batir da inbata, da rashin sandar da ake binnewa a ƙasa, da rashin kariyar tsawa, suna iya ƙona kayan miliyoyi a daren damina guda. Akwai kuma farantan gwanjo da na jabu da ake manna wa lambar da ta fi ƙarfinsu, da batiran litiyam da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan mutum uku sun ba ka farashi, ɗaya ya zo ƙasa da sauran da nisa, ka tambaye shi abin da ya cire.

Yaushe kuɗin zai dawo?

Amsar ta dogara da abin da sola ta maye gurbinsa. Gidan da yake ƙona lita 4 a rana, a ce lita naira 900, yana kashe 3,600 a kullum, 108,000 a wata, kusan miliyan 1.3 a shekara, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. A irin wannan gida, haɗin miliyan 4 ya biya kansa cikin shekara uku da ɗoriya, ga hutu daga ƙara da hayaƙin da yake hallaka mutane a ɗaki.

Gidan da yake rukunin A kuma da gaske yake samun wutarsa, yunit 5.3 a naira 209.50 bai wuce 33,000 da ɗoriya a wata ba, kusan 400,000 a shekara. Shi sai ya shekara goma kafin kuɗinsa ya dawo, lokacin kuma batir ya riga ya nemi canji. Irin wannan mutum abin da ya fi masa shi ne inbata da batir daidai buƙatar awannin da ake ɗauke wuta, da farantai kaɗan. Mai gaskiya a cikin masu haɗa sola zai faɗa maka haka, ko da cinikinsa zai ragu.

Hanyoyin biya

Hanya ta farko kuɗi hannu. Ita ce mafi arha a jimilla, amma tana da nata haɗarin, domin da zarar ka biya duka, ba ka da sauran abin riƙe mai aiki. Ina ba da shawarar a kasa biyan kashi uku. Kaso mafi girma a biya shi lokacin da kaya suka iso gida, aka duba sunan kamfani da lambar kowane ɗaya, aka rubuta su a rasit. Kaso na biyu bayan an gama haɗawa an kunna. Kaso na ƙarshe, ko da kashi 10 cikin ɗari ne, a riƙe shi mako biyu, har a ga batir ya kai asuba da kayan da aka yi alkawari a kai. Takardar farashi kuma ta faɗi kwana nawa farashin zai tsaya, domin kada bayan an karɓi kafin alƙalami a dawo a ce dala ta tashi.

Hanya ta biyu sayen kaya daki-daki. Mutum ya fara da inbata da batir da faranti biyu, ya ƙara farantai idan hali ya samu. Wannan dabara ce mai kyau idan tun farko an zaɓi inbatar da za ta iya ɗaukar ƙarin. A kiyaye abu ɗaya: ba a haɗa sabon tubula da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa. A nan ne adashi da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata suke da amfani ƙwarai. Mutum goma da suka haɗu suka sayi kaya a sari, suka ɗauki mai haɗawa ɗaya, za su samu ragi, kuma zai yi wuya ya yi musu wasa, domin ya san goma ne za su ba da labarinsa.

Hanya ta uku ita ce biya gwargwadon amfani, wadda kamfanoni irin su Sun King da d.light da Lumos suka yaɗa a Najeriya. Ana ba da kafin alƙalami, a kawo ƙaramin haɗi mai ɗaukar fitilu da fanka da talabijin, sannan a riƙa biya ta waya kowane mako ko wata. Idan ba a biya ba na'urar ta kulle kanta. Wannan hanya ta kai haske gidajen da ba za su taɓa tara kuɗin a dunƙule ba, kuma wannan alheri ne. Amma kafin ka sa hannu, ka nemi amsar tambayoyi huɗu. Idan na gama biya kayan sun zama nawa, ko haya nake yi har abada? Nawa ne jimillar abin da zan biya, kuma nawa ne farashin kuɗi hannu? Idan na gaza biyan wata biyu ko uku, kullewa kawai za a yi ko ɗauke kayan za a yi, kuma ina makomar abin da na riga na biya? Idan batir ya mutu kafin in gama biya, wa zai canza shi? Manomi ya ƙara ta biyar: za a iya daidaita biyan da kaka, lokacin da kuɗi yake hannu?

Hanya ta huɗu rancen banki ko na kamfanonin bashi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma abin da ake caje wa mutum ɗaya ya fi haka. Ga wani tarko da ya kamata kowa ya sani. A ce ka biya miliyan 1, ka ranci miliyan 3 na wata 12, aka ce maka ruwan kashi 4 ne a wata. Idan a kan asalin miliyan 3 ake lissafa shi kowane wata, za ka biya ruwan naira 1,440,000. Idan a kan abin da ya rage a kanka ake lissafawa, ruwan kusan 836,000 ne. Kalma ɗaya aka faɗa maka, kashi 4, amma tsakanin lissafin biyu akwai fiye da naira 600,000. Ga kuma kuɗin cike takarda da na inshora da tarar jinkiri, waɗanda akan rubuta da ƙananan baƙaƙe.

Ga Musulmi, wannan hanya tana da matsalar da ta fi tsada girma, wato riba. Alhamdu lillahi yanzu akwai mafita. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJBank tun 2019, Lotus tun 2021, kuma suna mu'amala da murabaha: banki ya sayi kayan ya mallake su, sannan ya sayar maka da ribar ciniki da aka bayyana, ka biya cikin watannin da aka yanke. Mafi yawan malamai sun halatta farashin jinkiri ya fi na kuɗi hannu, da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, kuma kada bashin ya riƙa ƙaruwa saboda an yi lattin biya. Halaccin ciniki kuwa bai hana mutum yin lissafi ba. A murabaha ma ka tambayi jimilla, ka gwada da ta wani banki, ka kuma tabbata abin da za a riƙa cira a wata bai shiga kuɗin abinci da na makarantar yara ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kada wa'adin biyansa ya fi kwanan batirin tsawo. Wanda ya ci bashin shekara 4 ya sayi batirin shekara 3, zai wayi gari yana biyan kuɗin abin da ya riga ya mutu.

Game da gwamnati, a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara, REA, take gudanarwa, da burin kaiwa ga mutum miliyan 17.5. Tallafin irin wannan shiri ta hannun kamfanonin da aka tantance yake bi, domin su sauƙaƙa farashi. Saboda haka duk wanda ya zo unguwa yana karɓar kuɗin fom da sunan za a raba sola kyauta, a yi hattara da shi.

Abin da takarda za ta ƙunsa

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk da haka za ka ga an yi cinikin miliyoyi a kan "ai ɗan unguwarmu ne" ko "ai tare muke salla". Kunya ce take hana mu neman rubutu, alhali rubutun ne yake tsare zumuncin idan an samu saɓani.

Takardar ta ƙunshi sunan kamfanin kowane kaya da girmansa da lambarsa, har da kaurin waya. Ta lissafa kayan wutar da haɗin zai ɗauka da awannin da zai kai da daddare. Ta faɗi jimillar kuɗi da ranakun biya da ranar gama aiki. Ta bayyana garantin faranti da na inbata da na batir ɗaya bayan ɗaya, da wanda zai ɗauki nauyin kai kaya da dawo da su idan sun lalace, domin garantin da ba shi da ofishi a ƙasar nan magana ce kawai. Ta faɗi garantin aikin hannu, musamman yoyon rufi, saboda huda kwano ba tare da toshewa da kyau ba yakan bayyana ne da ruwan farko. A nemi ganin takardar ƙwarewar mai aikin, wadda hukumar NEMSA take bayarwa, a kuma je a ga aikin da ya yi wa wani aƙalla shekara guda da ta wuce, a tambayi mai gidan. Ɗan haya ya samu amincewar mai gida a rubuce cewa kayan nasa ne kuma zai kwance su idan zai tashi. Wanda aka zalunta kuma yana da hukumar kare masu saye, FCCPC, amma ba za ta iya taimakon wanda ba shi da rasit ba.

A ware ɗan kuɗin kulawa. A wanke farantai da safe ko da yamma, musamman lokacin hazo, kada a zuba musu ruwan sanyi suna da zafi. A nan yankinmu kudu ake fuskantar da su da ɗan karkata kaɗan, nesa da inuwar darbejiya ko tankin ruwa, domin inuwa a kan ɓangare ɗaya tana rage ƙarfin layin duka. Tsohon tubula kuma yana da kuɗi, a mayar wa dillali a rage farashin sabo, kada a bar shi a tsakar gida ko a fasa shi a unguwa. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ya isa ya nuna mana illar wannan ƙarfe.

Kira

Ga magidanta da iyayenmu mata, waɗanda su ne suka fi sanin abin da ake kunnawa a gida: ku zauna tare ku rubuta kayan wutarku da awanninsu kafin a kira kowa. Ku nemi farashi daga mutum uku a kan wannan lissafi guda, ku tambayi jimilla, ku riƙe kason ƙarshe har sai kun gwada.

Ga 'yan uwana masu wannan sana'a, galibinku matasa ne, kuma Allah ya buɗe muku kasuwar da za ta daɗe. Ku ji tsoron Allah a kan ma'auni. Idan kuɗin mutum ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba, ku faɗa masa tun a zaure. Mutumin da ya sayar da filinsa ko ya haɗa kuɗin sallamarsa daga aiki ya damƙa muku, amana ya ba ku.

Ga bankunanmu, ku fito da tsarin da ya dace da mai shago da manomi da malamar makaranta, ku rubuta sharuɗɗan da Hausa, jimilla a saman takarda da manyan baƙaƙe. Ga hukumomi, hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta tsaurara a kan jabun farantai da batira tun daga tashar jiragen ruwa, jihohinmu kuma, da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba su ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, su tanadi horo da rajista ga masu haɗa sola, yadda magidanci zai san wanda zai kira da inda zai kai ƙara.

 Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya haɗa mu da masu gaskiya a cikin cinikinmu.